Ƙidayar jama'a ko takardun kotun gunduma: wanne ke kai mutum ga kakan da ya rayu a Amurka kafin 1850?

Malama, kin ce dangin maigidanki Ba'amurke sun bi salsalarsu har zuwa wani manomi da aka haifa wajajen 1770 a gundumar Culpeper ta jihar Birjiniya, daga nan sawu ya ɓace. Kina tambayar inda ya fi dacewa a zuba lokaci: takardun ƙidayar jama'a, ko takardun kotun gunduma, wato na gado da filaye da haraji.

Ƙidaya tana gaya miki inda mutum yake zaune a wata shekara. Kotu ce ke gaya miki ɗan wane ne. Ga wanda aka haifa a 1770, kotu ta fi nauyi nesa ba kusa ba, sai dai ba za ki san kotun da za ki dosa ba sai ƙidaya ta nuna miki gundumar.

Amurka ta fara ƙidaya a 1790, ana kuma maimaita ta duk bayan shekara 10. Daga ta farko har zuwa ta 1840, sunan maigida kaɗai ake rubutawa. Matarsa da 'ya'yansa da barorinsa da bayinsa duk lambobi ne a cikin layuka: maza kaza, mata kaza. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci da shekarunsa da jihar da aka haife shi, kuma sai a 1880 aka fara faɗin dangantakar kowa da maigida. Idan kin ga yara maza uku 'yan ƙasa da shekara 10 a gidan mutum a 1810, kada ki yi saurin cewa 'ya'yansa ne. Suna iya zama agololi, ko marayun ɗan'uwansa, ko yaran da aka ba shi koyon sana'a.

Birjiniya kuma tana da nata rashin sa'ar. Takardunta na ƙidayar 1790 sun ɓace, na 1800 ma kusan duka sun tafi, ta 1810 ce ta farko da ta tsira ga yawancin gundumomi. Mutuminku yana da shekara 40 kafin ya fara bayyana a ciki. Duk da haka akwai abin tatsa. Ƙidayar 1810 ta kasa maza fararen fata rukuni-rukuni: ƙasa da 10, 10 zuwa 15, 16 zuwa 25, 26 zuwa 44, sai 45 zuwa sama. Idan yana rukunin 26 zuwa 44 a 1810, ya shiga na 45 zuwa sama a 1820, sannan ya faɗa na 50 zuwa 59 a 1830, to haihuwarsa ta takure tsakanin 1770 da 1775. Ki kuma kwafi sunayen gidaje goma na sama da shi da goma na ƙasa da shi, domin inda mai ƙidaya ya bi gida-gida, waɗannan maƙwabta ne, kuma galibi a cikinsu surukai suke. In kin ga an jera sunayen bisa haruffa, an sake kwafe takardar ke nan, wannan amfanin ya faɗi.

A kotun gunduma aikin ya fi wuya, amma nan naman yake. Ki fara da jerin masu biyan haraji, waɗanda Birjiniya ta soma tattarawa a 1782, shekara-shekara ba sau ɗaya a shekara goma ba. Suna nuna maza baligai da bayi da dawakai. Shekarar da sunan saurayi ya fara fitowa tana nuna ya kai munzalin haraji, kuma sau da yawa yakan fito a ƙarƙashin mahaifinsa ko dab da shi. Idan mutum biyu suna da suna ɗaya, mai karɓar haraji yakan ƙara "ɗan wane" ko sunan rafin da mutum yake zaune, don kada kuɗi ya shiga asusun da ba nasa ba. Ranar da sunan ya koma "dukiyar marigayi wane", kin samu shekarar rasuwa ko da babu kabari.

Daga nan sai takardun gado. Mutane kan ruga neman wasiyya, alhali da yawa sun mutu ba su bar ta ba, kuma wani lokaci hakan ya fi wa mai bincike alheri. Mai wasiyya yana iya tsallake ɗan da ya riga ya ba wa gona, ko 'yar da ya aurar da kayanta. Wanda ya mutu ba wasiyya kuwa, kotu ce ke naɗa mai kula da dukiya, a ƙirga kaya har tukunya da gatari, a raba wa magada kowa da sunansa, 'ya'ya mata kuma su fito tare da sunayen mazajensu. Amma ki kula da shekara. Kafin dokar da Birjiniya ta yi a 1785, wadda ta fara aiki a 1787, filin wanda ya mutu ba wasiyya babban ɗa ne ke gadonsa shi kaɗai, ba tare da wata takardar ciniki ba. Sai bayan shekaru, ranar da ya tashi sayarwa, za a ga an rubuta cewa filin ya zo masa daga mahaifinsa wane. Wannan jimla ɗaya a tsakiyar takardar fili ta sha warware abin da ƙidaya biyar ba su warware ba.

Takardar cinikin fili tana da wata riba. Matar aure tana da haƙƙin cin moriyar kashi ɗaya cikin uku na filin mijinta idan ya riga ta rasuwa, don haka in zai sayar, sai an keɓe ta an tambaye ta ko ta yarda ba tilas. Ta nan sunanta ke fitowa, sunan yanka kawai, ba na mahaifinta ba. Idan a 1798 sunan matar daban ne da na 1811, akwai aure biyu. Sunan mahaifin nata sai a takardar lamunin aure, wato wadda ango ke sa wa hannu a kotu kafin a ba shi izinin aure, musamman in ba ta kai 21 ba, lokacin da ake buƙatar amincewar uba ko mariƙi a rubuce. In kuma magada sun yi shari'a a kan rabo, kin tsinci dami a kala, domin irin wannan ƙara sai an lissafa kowane magaji, har waɗanda suka yi ƙaura zuwa Kentaki. Ɗakin karatu na jihar Birjiniya da ke Richmond ya ɗora dubban irin waɗannan fayiloli a intanet kyauta.

Inda ake yawan ɓata a kotu shi ne iyaka. An yanko Culpeper daga gundumar Orange a 1749, Orange kuma daga gundumar Spotsylvania a 1734. Daga baya an cire Madison daga Culpeper a 1792, da Rappahannock a 1833. Takarda tana zama a gundumar da aka rubuta ta, ba ta bin sabuwar iyaka. Mutum yana iya rayuwa a gona ɗaya duk tsawon ransa, takardunsa kuma su warwatsu a kotu uku. Mahaifin mutuminku, in ya girma kafin 1749, a Orange za a neme shi. Sai gobara: takardun wasu gundumomi, irin su Hanover, sun ƙone a Richmond a watan Afrilun 1865, inda aka kai su ajiya lokacin yaƙin basasa. A irin wannan wuri jerin haraji ne ke ceto, saboda akan aika kwafinsa ga gwamnatin jiha.

Akwai tarko biyu a karatu. Laƙabin Senior da Junior a wancan zamani ba lallai uba da ɗa ba ne, babba da ƙarami ne kawai cikin masu suna ɗaya a gunduma, kuma in babban ya mutu laƙabin yakan sauya hannu. Sannan kafin 1752 sabuwar shekara tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka takarda mai ɗauke da Fabrairun 1748 a lissafinmu na yau 1749 ce. Rashin lura da wannan ne ke sa a ga mutum ya sa hannu a wasiyya bayan "rasuwarsa".

Idan kakan bawa ne, bambancin ya ƙara faɗi. Ƙidayar 1850 da ta 1860 sun jera bayi a ƙarƙashin sunan ubangidansu da shekaru da jinsi, ba suna. Sai a 1870 waɗanda aka 'yanta suka fito da sunayensu. Kafin nan, sunan bawa yana cikin lissafin dukiyar ubangida, da farashinsa a gefe, ko a takardar kyauta ga 'yar da aka aurar. Dole a fara gano iyalin da suka mallake shi, a bi gadonsu hannu zuwa hannu.

Ta fuskar kuɗi da wahala, ƙidaya ta fi sauƙi: an jera sunayenta a shafukan intanet na binciken asali, FamilySearch kyauta, da Ancestry mai biyan kuɗi, cikin yamma ɗaya kin gama. Littattafan kotu da yawa hotuna ne kawai, sai ki shiga kundin FamilySearch ta sunan gunduma, ki buɗe fihirisar littafin, ki bi shafi-shafi cikin rubutun hannu na da. Wasu hotunan ma ba sa buɗewa sai a cibiyoyinsu ko ɗakunan karatu masu alaƙa da su.

Ki fara daga 1850 da 'ya'yan da kuka tabbatar, ki koma baya har 1810, kina rubuta gunduma da maƙwabta. Daga nan ki karanta harajin Culpeper tun 1782 shekara bayan shekara ba tsallake, ki fitar da kowa mai wannan sunan iyali ta kowace irin rubutawa, sannan ki bi kowanne a fihirisar masu saye da masu sayar da fili. In mahaifin da kike zato ya yi yaƙin neman 'yancin kai, ki duba fayilolin fansho na dokokin 1818 da 1832 a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Washinton, domin tsofaffin sojoji sun yi rantsuwa a kan inda aka haife su da garuruwan da suka zauna, matan da suka bari kuma wani lokaci sukan yago shafin da aka rubuta haihuwar yara daga Baibul na gida su haɗa da takardar neman.