Ƙamus na Oxford ko na Chambers, wanne ya fi wajen tsohon Turanci?

Hajiya, kin tambaya wane ƙamus ya dace da yarinyarki. Tunda Turancin Shakespeare, tsohon marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, ne yake ba ta wahala, Chambers za ki saya mata.

Oxford na ɗalibai ba laifi. A. S. Hornby ya tsara shi ne don mai koyon Turancin yau, ya fito a 1948, kuma iya aikinsa ke nan. Za ta ga thou da thee da hath a ciki, daga nan sai ya fara ja da baya.

Ai ba waɗannan ne suke kayar da yara ba. Kowane malami zai gaya mata thou shi ne kai ko ke, thy kuma naka ko naki. Masu haɗarin su ne kalmomin da har yau ake faɗa amma ma'anarsu ta tashi daga inda take. Fond a bakin mutanen wancan zamani wawa ne. Let kan zo da ma'anar hanawa, kishiyar yadda muka san shi. Presently nan take ne, still kuma kullum. Wherefore don me ne, amma yaro da ya hango where a gaba sai ya ce ina, ya rubuta shirme da ƙarfin gwiwarsa. Chambers, wanda aka fara bugawa a Edinbara ta Sikotilan, yana ajiye tsohuwar ma'ana kusa da sabuwa, har yakan sa sunan Shakespeare ko na mawaƙi Milton a gefe don a san inda ta fito.

Chambers ɗina kawuna ne ya ba ni da ya yi ritaya daga koyarwa, bangon duk salatif. Lokacin WAEC ƙawayen ɗiyata a tabarmar tsakar gidanmu suke yini, ana miƙa shi hannu zuwa hannu, ni kuwa aikina dama musu kunu. Rubutunsa dai ƙanana ne, misalan jimla ba yawa, ga nauyi. Ajiyar gida ne, ba na jakar makaranta ba.

Ki kula da masu sayarwa. Jabu ya cika kasuwa: takarda shara-shara, tawada ta dusashe, wasu shafukan babu su gaba ɗaya. Su naɗe shi a leda su ce in an buɗe an saya. Kar ki yarda. A buɗe a gabanki, ki duba fond da let, ki ja tsakiyar littafin ki ga ko ɗinki ne ko gam. Na gwanjo mai asali ya fi sabon jabu, ko da bugun ya tsufa.