Ketamin ɗinmu na ɗakin tiyata, a Teksas dala 500 ne zama ɗaya

Assalamu alaikum mutanen Ringim da Taura. Aikina a nan Teksas jinyar marasa lafiya a gidajensu, kuma cikinsu akwai wani tsohon soja da ya yi yaƙin Iraƙi. A buga ƙofar mota da ƙarfi, sai ka tsince shi a ƙarƙashin tebur. Da dare kuwa sai dai barci ɓarawo ya sace shi. Likitoci na kiran larurar PTSD, firgicin da ke zame wa mutum ciwo bayan ya tsira daga masifa. Watan jiya na raka shi wani ƙaramin asibiti, aka kwantar da shi a kujera mai laushi, aka ɗaura masa ruwa. Na leƙa kwalbar da nas ta zuƙo maganin, sai na ga ketamin.

Wallahi sai da na yi dariya. Ketamin ɗin da na sani, allurar sumar da mutum, tun ina aiki a ɗakin tiyata a gida, wanda ake yi wa mai naƙuda aiki da shi an ɗauke wuta ana haska tocila, saboda bai cika danne numfashi ba! Tun 1962 aka haɗa shi, Amurka ta amince da shi a 1970, ta yi ta yi wa sojojinta aiki da shi a yaƙin Biyetnam. Awo kawai suka sauya: rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyin mutum, a hankali cikin minti 40. Bai kai ya sumar ba, mutum na farke amma yana jin kamar ya bar gangar jikinsa.

Dariyar ta ƙare a wurin biyan kuɗi. Dala 500 zama ɗaya, kuma zama shida ake so cikin mako biyu. Inshora ta ce ba ruwanta, tunda FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ba ta amince da ketamin don wannan ciwo ba. Wanda ta amince da shi a 2019 ɗan'uwansa ne, Spravato, na fesawa a hanci, shi ma don matsananciyar damuwar da ta ƙi jin magani. Maganin da kansa araha ne, kuɗin kujera da bargo da kiɗa mai taushi kake biya. Ga takardun sa hannu kamar za ka sayi gona. Ka kira waya don neman ragi, inji ne zai amsa, ya yi ta ce maka danna ɗaya, danna biyu. Babu mai ce maka kawo abin da ya sawwaƙa.

Yana aiki? A wani gwaji na asibitin Mount Sinai da ke Niyok a 2021, kan mutum 30, kashi 67 cikin 100 na waɗanda aka ba ketamin sun samu sauƙi, amma ga yawancinsu sauƙin bai wuce kamar wata guda ba. Wani gwajin da ya fi shi girma a kan sojoji, a 2022, bai nuna wani bambanci tsakanin waɗanda aka ba ketamin da waɗanda ba a ba su ba. Mutumin nawa dai ya samu barci. Abin da ya burge ni shi ne nas ba ta ɗaga daga gefensa ba, tana ta auna hawan jini, aka kuma hana shi tuƙi ranar. Washegari wata likitar ƙwaƙwalwa ta zauna tana sauraronsa, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya.

Nan Majiya ta faɗo mini. Tun gobarar tankar mai ta Oktoban 2024, wadda ta ci rai fiye da 150, akwai waɗanda suka ɗauki gawarwaki da hannunsu, har yau warin fetur na sa su kyarma. Me muke ce musu? Ka cika raki, kai ba namiji ba ne? Idan mutum ya fara zabura cikin dare, sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, Allah ya sani, amma wanda ya karye ai ana yi masa addu'a kuma a kai shi wurin maɗori. Ga asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, ga na Dawanau, amma maigida ya gwammace ya kulle ɗansa a ɗaki da a ce an gan su a can, kada ƙannensa mata su rasa mijin aure.

Duk da haka, sojan nan sai ya yi mako babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa in ba ni ba. Da a garinmu ne, rashin ganinsa a sallar asuba kaɗai ya isa a cika masa zaure. Wannan kam ina kewarsa.

Samarinmu na bakin kemis, kada wani ya karanta wannan ya ce ya samu magani. Tramol da kodin sun ishe mu. Ketamin na tayar da hawan jini, kuma shi ya yi ajalin ɗan wasan kwaikwayon Amurka Matthew Perry a Oktoban 2023. Wanda ya mayar da shi abin shaye-shaye mafitsararsa ke lalacewa, wasu har sai an cire ta.