Hattara da masu yi wa tsohon mashin wanka su ce maka sabo ne

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda yake tara kuɗin mashin, ko yake da ɗa ko ƙani da ke shirin saya, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe kuma ya tura wa na kusa da shi. Ni bakaniken babur ne, a wannan sana'ar na tashi, kuma abin da ake kawo mana gareji a 'yan watannin nan ya kai matakin da shiru ba zai yiwu ba.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, kuɗin mashin ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba, saboda Boxer da TVS daga Indiya suke, Haojue da Jincheng da Lifan daga Chana, ko a nan aka haɗa su to kayan da dala aka shigo da su. Boxer ɗin da a da mai ƙaramin ƙarfi zai ci adashi ya saya yanzu ta haye miliyan. Sai mutum ya tsaya a tsakiya, sabo ya fi ƙarfin aljihunsa, na hannu kuma yana tsoron ya sayi ciwon kai ya dinga jigila wurinmu. To daidai nan 'yan damfarar nan suke jiransa. Sai su zo masa da na uku, wai sabo ne dal a leda amma za a rage masa dubu 200 ko 300. Wallahi jama'a wannan na ukun babu shi. Dila da ya sa kuɗinsa ya ɗauko kaya ribarsa a mashin ɗaya ba ta kai kusa da haka ba, to ta ina wani da ba shi da ko shago zai rage maka wannan uban kuɗin?

Ga yadda suke yi. Za su sayi mashin da ɗan acaɓa ya gama tatsa, wanda injinsa ya fara hayaƙi yana cin baƙin mai, su kwance shi gaba ɗaya. A wanke firam da inji da fetur da omo, a fesa fenti, a sayo tanki da madigadi da murafun gefe da kujera da fitila irin masu arahar nan na kasuwa, a manna sabuwar sitika, a canza mita ko a mayar da ita sifili, a ɗaura tayoyi masu arha, a ƙarshe a naɗe kujera da madubai da leda. In ka hango shi daga nesa kai ma sai ka rantse yau aka fasa kwalinsa. Amma cikin injin ba su taɓa ba, domin a nan kuɗin gyaran yake. Abin da suke yi kawai su ɗura masa mai mai kauri irin na giyar mota, kaurin ya toshe ramukan da fistin da ringi suka ci, ƙara ta kwanta hayaƙi ya ɓuya na ɗan lokaci. Kuma kafin ka iso sun riga sun tayar da shi ya ɗumama, kana taka kik sau ɗaya zai kama.

Sannan kowanne da labarinsa. Wannan zai ce maka na rabon tallafi ne da wani ɗan siyasa ya yi, wanda aka bawa kuɗi yake so ba mashin ba. Wancan ya ce gwanjon kwastam ne. Wani ya ce kamfani ne ya rage saboda ɗan ƙwarzane a tanki. Abin da ya sa labarin rabon yake shiga kan mutane shine da gaske ana rabon, kuma da gaske wasu tun a bakin get suke sayarwa, duk mun sani. Amma wanda aka raba da gaske injinsa sabo ne, kuma mai shi ba zai ƙi ka zo da bakanike ba, ba zai dinga cewa ka yi sauri akwai wani Alhaji da ke hanya da kuɗi a hannu ba.

Akwai wani yaro a layinmu, yaron kirki wallahi, mahaifiyarsa ce ta sayar da bijimin da take kiwo ta haɗa da kuɗin adashinta don ya samu abin hawa ya dinga kai kaya kasuwa. Ya turo mashin gareji yana ta murna, ledar kujera ma bai cire ba, ya ce Kawu a juye min baƙin mai, an ce sabon mashin ana saurin yi masa juyen farko. Ina kwance nocin ƙasa na ga abin da ke fitowa gabana ya faɗi. Man sabon inji ruwa-ruwa yake zubowa, wannan kuwa da kyar yake sauka kamar kwalta, na murza a yatsa sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Na kwance fulogi, baƙi ƙirin ya jiƙe da mai. Na ɗaga tanki, mashin baƙi amma a ƙarƙashi inda fenti bai kai ba jan fentinsa na asali yana nan, wayoyi duk an yanke an ɗaure da salatif, a bakin murfin inji ga busasshen gam ya fito ta gefe alamar an sha buɗe shi. Na ce ɗana wa ya sayar maka da wannan? Ya ce Kawu lafiya? Na rasa ta inda zan fara masa. Da ya gane sai kawai ya zauna a kan benci ya riƙe kai, abin da ya fara cewa shine yaya zan gaya wa Inna.

Mun bi sawu. Ashe ba a shago aka yi cinikin ba, a gefen wani gidan mai suka haɗu. Lambar wayar mai sayarwa a kashe. Rasit ɗin da aka ba shi mai kyau da hatimi da komai, muka je adireshin da ke jiki babu shago mai wannan sunan, 'yan layin suka ce ba mu ne na farko da muka zo nema ba. Dillalin da ya haɗa su kuma ya ce shi la'adarsa kawai ya karɓa bai san mutumin ba. Yanzu sai an sake fistin da ringi da cen ɗin cikin inji da kuloci, kuɗin da aka ce an rage masa ya tafi a gyara, kuma duk da haka tsohon mashin ne a hannunsa.

Ku gane, ni ba gyara tsohon mashin nake zagi ba, ai aikina kenan. Ka gyara ka fenta ka ce na hannu ne an yi masa kaza da kaza, halak ɗinka ne. Amma ka naɗe shi da leda ka rantse da Allah sabo ne, wannan algus ne, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Abin da ya fi ƙona min rai akwai 'yan sana'armu a ciki, domin dillali bai iya kwance mashin ba, hannun bakanike ne yake wannan wankan. Ku ji tsoron Allah.

Kuma wannan yaron ma ya yi sa'a, lambobinsa lafiya suke. Wanda ya fi muni shine a yi wa na sata wanka. Kowane mashin yana da lamba biyu da kamfani ya buga a jikin ƙarfe, ta shasi a wuya inda kan mashin yake juyawa, ta inji a ƙasan inji wajen giya. Ɓarayi suna goge su da injin gurza su sake buga wasu da hannu su fesa fenti a kai. Ka sa yatsa ka shafa wurin, in ka ji ya lotsa ko ya fi kewayensa santsi, ko ka ga lambobin wani ya hau wani ya sauka ba a layi ɗaya ba, ko fentin wurin ya fi na ko'ina kauri, tashi ka bar wurin ko nawa aka rage maka. Domin ranar da aka tare ka a shinge kai za a riƙe, karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma kafin ka gamsar da 'yan sanda cewa baka sani ba ka kwana a caji ofis. Balle a wannan zamanin da mashin ya zama abin hawan 'yan bindiga. Ku tuna a 2021 cikin matakan tsaron da gwamnatin Katsina ta ɗauka har da hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. Baka san inda mashin mara takarda ya shiga ba kafin ya zo hannunka.

Sai 'yan damfarar waya, su kam ko tsohon mashin ɗin ma babu. Za ka ga bidiyo a Facebook ko TikTok mashina jere reras, da hoton wani sanye da kakin kwastam, wai ka tura kuɗin fom ko kafin alƙalami a ajiye maka, daga nan kuɗin mota, daga nan kuɗin fito da takarda, sunan akawun daban sunan mai magana daban, ranar da ka ce a nuna maka kaya sai a yi bulokin ɗinka. Hukumar kwastam ta sha fitowa ta ce gwanjonta ta shafinta na intanet ake yi, ba ta WhatsApp ba kuma ba a tura kuɗi akawun ɗin wani mutum. Kar ka tura ko sisi kan mashin da baka ɗora hannunka a kai ba.

To wanne za a saya, sabo ko na hannu? Ni ra'ayina in aiki zaka sa shi kullum, acaɓa ko ɗaukar kaya a hanyar ƙauye, kuma kuɗinka ya kai, ka daure ka sayi sabo, amma a shagon dila da kowa ya sani wanda gobe in ka dawo zaka same shi, kuma ka ce a fasa kwali a haɗa a gabanka. Ko zai ci maka wuni ka zauna. Sabo yana zuwa da makulli biyu da 'yan kayan aikinsa da littafinsa, tankinsa a bushe, cikin salansa babu baƙi, kan notina babu sawun sifana, tayar gaba da ta baya kamfani ɗaya. A jikin taya ma akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 1524 sati na 15 kenan a 2024, to in an ce maka na bana ne ka ga tayar ta shekara huɗu ko gaba da baya sun sha bamban ka tambayi dalili. A rubuta lambar shasi da ta inji a rasit, kai da kanka ka tsuguna ka karanta su ɗaya bayan ɗaya ka gwada da na takarda.

In kuɗinka bai kai ba kuma babu abin kunya a na hannu, wallahi mashin ɗin malamin makaranta da yake zuwa aiki ya dawo yana juye mai a kan lokaci ya fi wannan mai ledar sau goma. Ka nemi wanda ka san mai shi ko aka san gidansa. Ka tafi da bakanikenka, naka fa, ba wanda mai sayarwa ko dillali ya kira ba. Ku je da safe ka taɓa injin ka ji da sanyi sannan a tayar, mashina irin su Boxer bai kamata su yi shuɗin hayaƙi ba, in ka murɗa ka ga shuɗi ringi ya tafi. A zaro sandar gwada mai a ga kaurinsa, a duba haƙoran da cen ke hawa ko sun yi tsini, a hau a sa duk giyoyin, a ɗan sassauta hannu a ga ko yana ja gefe ɗaya alamar ya taɓa haɗari firam ya karkace. Ka karɓi rasit na asali da takardun lamba, a rubuta yarjejeniya da shaidu, in da hali a gaban mai unguwa, ka ɗauki hoton katin shaidar mai sayarwa, kuɗin kuma ta banki zuwa akawun mai sunansa don ya zama hujja. Kuma kar ka zuba duk abin da ke hannunka, ka rage na taya da cen da sabis da canjin suna a takarda.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kar ka yi shiru don kunya, shirun ne yake basu damar kama na gaba. Kar ka bari a buɗe injin sai da shaidu, a ɗauki hoto da bidiyo, ka adana rasit da alat da duk hirar da kuka yi a waya. In a kasuwa ne ka fara da shugabannin 'yan babura na wurin, sau da yawa sun san masu wannan aikin, sannan 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiharku ko ta tarayya wato FCCPC. In turansifa ka yi ka garzaya bankinka a ranar ka kai ƙorafi kafin su kwashe kuɗin. In kuma ka duba ka ga an taɓa lambar shasi, kar ka sake hawa shi kuma kar ka sayar wa wani, ka samu wani babba ya raka ka ku kai shi wurin 'yan sanda da rasit ɗinka da lambar wayar dillalin.