Yamaha 82Z ko Selmer Reference 54, wanne tenor za ka ɗauka?

In kana busa saksofon tenor (wani nau'in kayan busa ne na ƙarfe) kuma ka fara tunanin sayen na ƙwararru, to waɗannan biyun dole su shigo lissafinka. Selmer Reference 54 ƴar Faransa ce, an ƙera ta ne a kan salon tsohuwar saksofon Selmer mai suna Mark VI ta 1954, muryarta na da kauri da zurfi, amma fa tana cin iska, sai ka tura da ƙirji sosai kafin ta buɗe, in ta buɗe kuwa wallahi sautin ƙasan nan nata sai ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Ita kuwa Yamaha Custom 82Z ta Japan ba ta da gardama ko kaɗan. Kana hurawa tana amsawa, maɓallanta sun zauna daidai a yatsu, sautin da ka nufa shi ke fita, kuma muryarta ta fi kaifi don haka ko ganguna da jita sun cika fili za a ji ka. Kuɗinta ma bai kai na Selmer ba.

Ni dai in aikin dandali ne kullum, Yamaha zan ɗauka. Mai busa jaz a ƙaramin zaure kuma ya gwada Selmer tukuna, da bakin busawar da ya saba da shi.