Sharhi kan kamfanin da ya tsaftace mana kejin rakun a bayan garin Jidda

Kamfanonin feshin magani sun yi yawa a Jidda, amma galibinsu kyankyasai da kuɗin cizo da ɓeraye suka sani, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani kan wanda ya yi mana aikin da ya fi ƙarfin feshi. Danginmu sun kama hayar gidan hutu a bayan gari domin zaman ranar Juma'a da taron Salla, sai muka tarar da wani keji a ƙarshen farfajiya, wanda mai gadi ya ce ɗan hayar da ya gabace mu ya daɗe yana ajiye rakun a ciki, wato dabbar dajin nan ta Amurka ta Arewa mai baƙin zane a kewayen ido da wutsiya mai zobe-zobe. Dabbar ta tafi da mai ita, amma kashinta yana nan jibge a kusurwa guda, ya bushe ya cakuɗe da yashi, ana ganin tsabar 'ya'yan itace a jikinsa.

Abin da ya hana ni sa mai gadi ya share wurin shi ne macijin ciki da ke zama a hanjin rakun, wanda likitoci ke kira Baylisascaris procyonis. Rakun ɗin da ke ɗauke da shi yana iya zubar da miliyoyin ƙwai a cikin kashinsa, ƙwan kuma yana ɗaukar mako 2 zuwa 4 kafin ya zama mai cutarwa, daga nan sai ya yi shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. Idan mutum ya haɗiye shi, tsutsar takan ƙyanƙyashe ta ratsa bangon hanji, ta bi jiki har zuwa hanta ko ido ko ƙwaƙwalwa. A shekarar 1984 aka fara bayyana cutar a jikin ɗan Adam, a wani jariri a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Ba ta cika kama mutane ba, sai dai waɗanda ta fi kamawa su ne ƙananan yara masu kai ƙasa baki, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta sake komawa daidai ba. Mu kuwa jikoki masu rarrafe ne cike da gida.

Waɗanda muka fara kira duk maganarsu guda ce, za su kwarara ruwan kulorin su yi feshi su karɓi kuɗi, alhali kulorin ba ya kashe wannan ƙwai. Shugaban ma'aikatan wannan kamfani, wani matashi Bahaushe haifaffen Makka, da ya leƙa kejin sai ya ce, "Baba, wannan ba aikin magani ba ne, sai wuta ko tafasasshen ruwa." Jin haka ya sa na ba su aikin nan take.

Sun zo sanye da safar hannu da takunkumi da dogayen takalman roba. Kafin su taɓa komai sai da suka yayyafa ruwa a kan kashin domin kada ƙura ta tashi ta shiga bakin wani, sannan suka kwashe shi da shebur tare da yashin da ke ƙarƙashi, kimanin zurfin tafin hannu, suka zuba a manyan ledoji riɓi biyu suka ɗaure. Katakon da dabbar ke kwanciya a kai ba su yarda a wanke shi ba, suka ce ƙonewa za a yi. Daɓen siminti da sandunan ƙarfe kuma suka bi su da harshen wutar gas a hankali, lungu-lungu, har cikin tsagar da ke gindin ƙofa, inda na tabbata mai gaggawa zai tsallake. A ƙarshe suka zuba tafasasshen ruwa a kan shebur da takalmansu kafin su taka sauran farfajiyar, wanda a wurina shi ne abin da ya fi nuna sun fahimci haɗarin.

Duk da haka ina da ƙorafi. Sun yi alkawarin safiya, ba su iso ba sai bayan la'asar, kuɗin kuma ya ninka na feshin da aka saba, ko da yake ban ga tsadarsa ba bayan na ga aikin. Wanda ya fi damuna shi ne babu wanda ya tambaye mu ko wani yaro ya riga ya yi wasa a wurin. Wannan tambaya tana da nauyi, domin likita yakan ba da maganin albendazol ga wanda ake zaton ya haɗiye ƙwan, kuma amfaninsa yana cikin a fara shi da wuri, tun kafin tsutsar ta kai ƙwaƙwalwa. Haka nan ba su tambaya ko akwai kare a gidan ba, alhali kare ma yana iya ɗaukar wannan macijin ciki ya riƙa zubar da ƙwansa.

Zan sake kiransu, kuma na ba da lambarsu ga wani maƙwabcinmu mai gida a hanyar Ɗa'if, inda gwaggon biri ke sauka a kan rufinsa suna ɓata tankin ruwa. Na dai gaya masa ya nemi su rubuta a takardar yarjejeniya inda za su kai ledojin da suka kwashe, domin ni da na tambaya, amsar da aka ba ni ba ta wuce cewa ofis ne ke kula da wannan ba.