Rumfar girki a tsakar gida: ta kwano ko ta zana?

Hajiya, kin ce ɗakin girkinki ya yi miki kaɗan, hayaƙin ice yana hana ki sakat, kina son a kafa miki rumfa a tsakar gida a nan Katsina, amma kin rasa wadda za ki zaɓa tsakanin ta kwano da ta zana. In dai da ice ko gawayi za ki riƙa girki, ta kwano nake ba ki shawara, duk da cewa ta zana ma tana da nata amfanin.

Ta zana ta fi sanyi, wannan ba gardama. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, wadda ke tuƙa tuwo ƙarƙashin zana tana samun iska ta ko'ina, hayaƙi kuma yana bin ƙofofin ciyawar ya fice. Ga araha: bayan kaka zanar gamba da karan dawa suna cika kasuwannin ƙauye, in aka samu azarar giginya aka yi dirka da ita, gara ba ta cika yi mata komai ba. Sai dai abin da ke sa ni ɗar-ɗar da ita shi ne wuta. Da hunturu ciyawar ta bushe ƙayau, kunkunniya da maiƙon suya sun taru a cikinta, ga iska tana kaɗawa. Tartsatsi guda daga murhu, ko man gyada ya kama a kasko ana suyar ƙosai, ya isa. Kuma gidajenmu na cikin gari a manne suke da juna, gobarar gida ɗaya ba ta tsayawa a nan. Ban da haka, ruwan Agusta yana ratsa zanar, sai ki ga yana ɗiga cikin tukunya, kuma ba ta jimawa sai an sake ta.

Kwano kuwa laifinsa zafi ne da kuɗi. Zafin yana da magani, kuma yawancin masu kuka da shi rumfar ce aka yi musu gajera. Ki ce wa mai aikin ya ɗaga ta kamar ƙafa 10 a gaba, baya ya sauko kaɗan don ruwa ya gangara, kada kuma a toshe tsakanin katanga da rufin, a bar wa hayaƙi hanya. In akwai bishiyar bedi a gidan, a kafa ta inda inuwar za ta faɗo mata da rana tsaka. Kada a sa silin, balle leda ko tamfol a saman murhu.

Wajen ƙafafu, bututun ƙarfe da mai walda zai haɗa, a binne gindinsa da siminti, ya fi katako kwanciyar hankali. In katakon ne ya samu, a shafe shi da baƙin mai tun kafin a ɗora, kuma kada gindinsa ya taɓa ƙasa, don gara tana jira. Kwano na gama-gari bandir ɗaya falle 20 ne, ƙaramar rumfa ba za ta cinye shi ba, don haka ki sa a auna wurin kafin ki ba da kuɗi, ana sayar da shi falle-falle. Ki guji mai shara-shara ɗin nan, hayaƙi da tururi suna saurin sa masa tsatsa.

Abu ɗaya da zan roƙe ki ki tsaya a kansa da kanki shi ne ɗauri. Hadarin farkon damina daga gabas yake taso mana da iska mai ƙarfi, ita ce ke yaye kwanon da aka buga wa ƙusa sama-sama. A yi amfani da ƙusa mai hula, a ɗaure katakon rufin da ƙafafun da waya mai kauri, sannan a ja gajeriyar katangar bulo ta gabas da arewa, za ta tare miki feshin ruwa da ƙurar hunturu. Zanar kuma, in kina sonta, ki kafa ta can gefe nesa da murhu, wurin yankan kuɓewa da shan iska.