Gidan kallon Mabera mai nuna besbol da tsakar dare, ga abin da nig gani

Jama'a akwai wani gidan kallo nan Mabera cikin Sakkwato da nake zuwa tun watan Agusta, tuntuni nake son in yi magana a kai. Da yamma gidan kallo ne awa kowane, Firimiya da Laliga da ihu da musu, amma daga sha biyun dare in 'yan Arsenal da Barca sunka watse sai mai wurin ya mai da talabijin ɗaya kan besbol na Amurka, wasan nan da mutum guda ke jefo 'yar ƙaramar ƙwallo wani ya make ta da gora. Ƙanen Alhaji mai wurin ne yay yi karatu can ya dawo da son abin, shi ya koya muna, yanzu mun kai mu goma sha biyu, masu aikin dare da ɗalibai da wani dattijo direba da ba ya fashi. Abin da yas sa sai tsakar dare, ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a Sakkwato, in kuwa a Los Angeles ake yi to sai wajen uku.

Wajen wuta dai ban da abin cewa sai yabo. Sola ce da inbata, ga janareta a gefe, ko an ɗauke wuta hoto ba ya ko ƙiftawa. Layin intanet biyu gare shi, ɗaya ya yi nauyi ya koma ɗayan. Naira 300 ne shiga, mai shayi na bakin ƙofa har asuba, kuma hoton tar yake.

To wanga hoto mai kyau shi ne ya jawo muna ciwon rai. Duk wanda ya taɓa kallon besbol ya san akwai ɗan akwati da ake zanawa a allo gaban mai gora, in ƙwallo ta bi ta cikinsa jifa ta yi kyau, in ta bi waje ba ta yi ba. Mu da ke zaune kan benci a Mabera muna ganin inda ta bi ƙiri-ƙiri, amma a kakar 2025 da munka kalla alƙalin da ke tsugune bayan mai cafewa da idonsa kawai yake hukunci, ƙwallon da ke gudun da ya wuce kilomita 150 a awa, sai ka ga ta fita waje da tazarar yatsu uku ya ce ta yi kyau, ya kori mai gora, magana ta ƙare. Ranar farko da nig ga haka nic ce Alhaji don Allah ku gaya mani, su ba su ganin abin da muke gani ne? Yac ce ɗan Malam suna gani sarai, na'urar ma tasu ce, amfani da ita ne ba su so.

Na ɗauka zolaya ce, ashe gaskiya ya faɗi. Tun 2006 anka fara sa kyamarori masu bin sawun kowace jifa a manyan filayensu, a 2020 sunka koma na Hawk-Eye, kamfanin da 'yan tanis ke amfani da shi wajen ƙalubalantar alƙali tun 2006 ɗin. Sun gwada alƙalancin na'ura a wata ƙaramar gasa, Atlantic League, a 2019, sunka yi ta gwaji a ƙananan rukunai shekara da shekaru, Koriya ta Kudu ma ta riga su, a 2024 ta miƙa wa na'ura hukuncin jifa gaba ɗaya a babbar gasarta. Su kuwa na babbar gasar Amurka sai Satumbar 2025 sunka amince cewa daga kakar 2026 za a fara, shi ma ba duka ba, kowace ƙungiya dama biyu gare ta, mai jifa ko mai cafewa ko mai gora ya dafa hularsa a duba, in shi ke da gaskiya damar ba ta faɗi ba. Shekara ashirin kenan abu na hannunka kana kallonsa. Gasar da ke da ƙungiyoyi 30, kowace na buga wasa 162, kuɗi kuwa ba a magana.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ƙanen Alhaji ya nuna muna a wayarsa wani dare da ruwan sama ya tsai da wasa. Ranar 2 ga Yuni 2010, Armando Galarraga, mai jifa na Detroit, ya fitar da masu gora 26 a jere ba wanda ya taka tasha, wato inda mai gora ke rugawa ya taka in ya make ƙwallo, saura ɗaya ya shiga tarihin da 'yan tsiraru ne sunka taɓa shiga, na 27 ma an riga shi isa tashar farko kowa ya gani, alƙali Jim Joyce ya ce ya tsira. Bayan wasa ya kalli hoton da kansa, ya amsa kuskurensa, ya nemi gafara har da hawaye. Ni shi alƙalin ma tausayi ya ba ni, mutum ne mai gaskiya anka bar shi ba mataimaki. A lokacin akwai duba hoto tun 2008 amma sai in ana shakkar ƙwallo ta haye katanga ko ba ta haye ba, sai 2014 sunka faɗaɗa shi. Galarraga dai har yau ba a mai da mai haƙƙinsa ba.

Dattijon direban nan ba ya yarda da ni, kuma shina da hujja. Cewa yake ai ƙwallon ƙafa da muke taƙama da ita sai 2018 VAR ta shiga gasar cin kofin duniya, Firimiya sai 2019, kuma tun da ta zo musu ya ragu ne? Ƙanen Alhaji kuma ya ce akwai masu cafewa da sana'arsu ke nan, su ɗan ja ƙwallon da ta kauce zuwa ciki da dabara har alƙali ya ɗauka ta yi kyau, in na'ura ta karɓe komi wagga gwaninta ta mutu. Na ji, amma gwanintar da tushenta ruɗin ido ne ni ba zan yi mata kuka ba. Kuma halinsu ne tun da can, an fara wasan dare da fitilu a Cincinnati a 1935 amma filin Wrigley na Chicago sai 1988 ya sa fitila. Mai cafewa da yatsu yake gaya wa mai jifa irin jifar da zai yi, sai da abin kunyar Houston Astros na 2017 ya fito, ana leƙen alamun da kyamara ana buga kwandon shara don a sanar da mai gora, sannan a 2022 anka yarda da 'yar na'urar PitchCom mai faɗa wa mutum a kunne.

Inda zan yaba masu shi ne agogon jifa na 2023, daƙiƙa 15 mai jifa ke da su ya jefa ƙwallo in ba kowa a tasha. Wasa ya sauko daga awa uku da minti huɗu zuwa wajen awa biyu da minti arba'in, mu masu fita aiki da safe mun san darajar wanga minti ashirin da ɗoriya.

Sai matsalolin wurin, don ba zan ɓoye ba. Sauro, wallahi sauro, ka zo da safa da doguwar riga. Bencin ba majingina, fanka ɗaya ce ke aiki a ɓangarenmu, kuma hoton na makara da kusan rabin minti, in wani ya buɗe sakamako a waya sai ya ɓata wa kowa. Sharhin da Turanci ne mai sauri, ranar da ƙanen Alhaji bai zo ba baƙo zai zauna ne kawai bai san mi ake ciki ba. Na roƙi Alhaji ya sa allo a rubuta dokokin da Hausa, yac ce in sha Allahu, har yanzu dai muna jira.

Duk da haka daren wasa na uku na ƙarshen gasar 2025 tsakanin Dodgers da Toronto ba zan manta da shi ba. An fara wajen ƙarfe ɗaya, zagaye tara da ake yi a ƙa'ida ya ƙare kunnen doki, anka yi ta ƙari, anka kira asuba munka tafi masallaci munka dawo ana nan ana yi, har zagaye na 18, rana ta fito 'yan makaranta na wucewa sannan Freddie Freeman na Dodgers ya make ƙwallo ta haye katanga, sunka ci wasan. Awa shida da minti 39, batirin Alhaji bai gaza ba, kuma ko sisi bai ƙara muna ba, har ƙosai ya aika anka sawo. A wurina makin gidan huɗu cikin biyar ne, ɗayan na riƙe shi sai ranar da anka gyara fanka. Mai son zuwa ya zo daren Lahadi, ranar ba sai tsakar dare ba, sau da yawa akwai wasan rana a can da ke kamawa tun bayan magariba a nan.